Zauren Masu Karatu: Tsigewa, Murabus da Biyayyar Jam'iyya

Wasiƙun da suka taru mana a wannan wata yawancinsu sun karkata ne ga magana guda, wato makomar shugaban ƙasar da rigima ta yi wa zobe: shin za a tsige shi, ko zai ajiye da kansa, ko kuwa ƴan jam'iyyarsa za su tsaya masa har guguwar ta wuce. Duk lokacin da irin wannan ta taso a wata ƙasa, ba a jimawa sai ta iso fadojin shayi na Maradi ta rediyo da wayar hannu. Na zaɓi huɗu daga cikin wasiƙun, na kuma taƙaita su saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni tela ne a unguwar Zariya, kuma muna da fada a ƙofar shagona inda muke zama bayan sallar isha'i. Gardama ta sarƙe tsakaninmu. Mun sha ji a rediyo cewa an tsige Bill Clinton, an kuma tsige Donald Trump har sau biyu, amma ga shi babu wanda aka fitar daga fadar mulki a cikinsu. Wasunmu na cewa ƴan jarida ne suka yi ƙarya, wasu kuma na cewa shugabannin ne suka fi ƙarfin doka. Mun amince mu kawo maka shari'ar.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam tela, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ka gaya wa ƴan fadarku cewa kowane ɓangare yana da uzuri, domin kalmar da aka yi amfani da ita ce ta jawo ruɗanin. Bahaushe idan ya ce an tsige abu, to an raba shi da tushensa ke nan, kamar yadda ake tsige furfura ko ciyawa a gona. A tsarin Amurka kuwa aikin hawa biyu ne, kuma kalmar da ake fassara mana da tsigewa hawa na farko kawai take nufi. Majalisar Wakilai mai kujeru 435 ita ce ke tuhuma, kuma rinjayen da ya ɗara rabi ya ishe ta. Daga nan sai a miƙa tuhumar ga Majalisar Dattawa mai kujeru 100, wadda ke zama kamar kotu, a ƙarƙashin jagorancin Alƙalin Alƙalan ƙasa idan shugaba mai ci ne ake yi wa shari'a. A can sai an sami kashi biyu cikin uku, wato ƙuri'a 67 idan kowa ya halarta, kafin a sauke mutum. Da masu fassara sun ce Majalisar Wakilai ta tuhumi shugaba, da gardamarku ba ta taso ba.

Shugabanni uku ne aka taɓa tuhuma ta wannan hanya. Na farko shi ne Andrew Johnson a 1868, wanda ya tsira da ƙuri'a ɗaya tak, domin dattawa 35 sun same shi da laifi, 19 sun wanke shi, alhali 36 ake bukata a majalisar wancan zamani. Clinton an tuhume shi a watan Disamba na 1998 da yin ƙarya bayan rantsuwa da kuma kawo cikas ga shari'a, amma a Fabrairun 1999 tuhuma ta farko ta sami ƙuri'a 45, ta biyu ta sami 50, duk sun gaza. Trump an tuhume shi a Disambar 2019, aka wanke shi a Fabrairun 2020. Aka sake tuhumarsa ranar 13 ga Janairun 2021, mako guda bayan magoya bayansa sun kutsa ginin majalisa, kuma lokacin da dattawa suka kaɗa ƙuri'a ranar 13 ga Fabrairu wa'adinsa ya riga ya ƙare. 57 suka ce ya yi laifi, 43 suka ce bai yi ba, aka rasa goma. Ke nan har yau Majalisar Dattawan Amurka ba ta taɓa sauke shugaban ƙasa ba. Ba a karya doka a ko ɗaya daga cikin waɗannan shari'o'i ba, sai dai waɗanda suka rubuta dokar sun ɗaga katangar da gangan, don kada duk jam'iyyar da ta sami ɗan rinjaye ta rushe abin da talakawa suka zaɓa.

Tambaya: Malam, ni malamar makaranta ce a Tibiri. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ƴan majalisa ke kare shugabansu ko da laifinsa ya fito fili kamar rana. Shin ba su da kunya ne? A ɗaya gefen kuma, wanda ya juya wa shugaban jam'iyyarsa baya, ba butulci ya yi ba?

Amsa: Malama, tambayarki ita ce zuciyar wannan magana gaba ɗaya, kuma zan ɗan daɗe a kanta. Tunda sai da kashi biyu cikin uku ake sauke shugaba, kuma da wuya ƴan adawa su kaɗai su mallaki wannan adadi, to mabuɗin ƙofar yana aljihun ƴan jam'iyyarsa. Ƴan adawa suna iya yin shekara suna buga ganga, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan bai kamata ya zama baƙon abu gare mu ba, mu da muka tashi muka tarar da sarautar Katsinar Maradi tana da masu zaɓen sarki, su Ƙaura da Galadima da Ƴanɗaka da Durɓi. Sarki ya san cewa abokan gaba na waje ba su kai waɗannan na cikin gida haɗari gare shi ba, ranar da suka daina amincewa da shi.

Dalilan da ke riƙe ɗan majalisa suna da yawa, kuma ba duka ne na rashin kunya ba. Akwai wanda da gaske ya gamsu cewa bi-ta-da-ƙulli ake yi wa gwaninsa, kuma wani lokaci yana da gaskiya. Akwai wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski, domin shugaban ne ya ba shi takara, ya ɗauki nauyin yaƙin neman zaɓensa, ya ba ƙanensa muƙami. Mafi yawa kuma tsoro ne ke riƙe su, tsoron masu zaɓen mazaɓarsu waɗanda har yanzu suke tare da shugaban. Wannan tsoro yana da tushe. A cikin ƴan jam'iyyar Rifablikan goma na Majalisar Wakilai da suka goyi bayan tuhumar Trump a 2021, biyu kaɗai suka koma majalisa bayan zaɓen 2022. Huɗu sun faɗi a zaɓen fid da gwani na jam'iyyarsu, huɗu kuma ba su sake tsayawa ba. Liz Cheney, wadda take ta uku a shugabancin jam'iyyar a majalisa, an raba ta da muƙaminta a watan Mayun 2021, aka kuma kayar da ita a jiharta ta Wayomin a shekarar da ta biyo. Kada kuma a ɗauka halin jam'iyya ɗaya ne, domin a shari'ar Clinton ko dattijo ɗaya na jam'iyyar Dimokurat bai kaɗa ƙuri'ar samunsa da laifi ba, duk da cewa da yawansu sun fito sun yi tir da abin da ya aikata.

Shi ya sa yadda ake kaɗa ƙuri'ar ke da tasiri ƙwarai. A Koriya ta Kudu ƙuri'ar tsigewa a asirce ake yin ta, ana kuma bukatar 200 daga cikin ƴan majalisa 300. A Disambar 2016 ƴan majalisa 234 suka amince da tuhumar shugaba Park Geun-hye, adadin da ba zai samu ba sai da gommai daga jam'iyyarta, sannan Kotun Tsarin Mulki ta tabbatar da saukarta a watan Maris na 2017. Shekaru takwas bayan haka, da shugaba Yoon Suk Yeol ya kafa dokar soja ranar 3 ga Disambar 2024, jam'iyyarsa ta hana yunƙurin farko ta hanyar ficewa daga zauren, don ta san idan mutanenta suka shiga ɗakin sirri ba ta da iko da hannunsu. Mako guda bayan nan suka shiga, aka sami ƙuri'a 204, kuma a watan Afrilun 2025 kotu ta sauke shi.

Game da butulci kuwa, ga ra'ayina ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Riƙon amana da tuna alheri ɗabi'u ne da muke tarbiyyar ƴaƴanmu a kai, kuma ba na raina mutumin da ya ji nauyin wanda ya yi masa rana. Amma ɗan majalisa yana ɗauke da amana biyu, ta wanda ya taimake shi da ta al'ummar da ta aike shi, kuma ta biyun ce ta fi nauyi, domin ita ce ta shafi haƙƙin dubban mutanen da ba su da bakin magana a zauren. Idan hujja ta bayyana gare shi cewa shugaba ya ci amanar ƙasa, ya kuma rufe ido saboda kujera, to ya yi butulci ga matar da ta bar girkinta ta yini a layin zaɓe cikin rana. Haka kuma idan hujja ba ta tabbata ba, ya bi ayari aka sauke mutum don an ga an fi shi yawa, nan ma ya ci amana. Maƙwabtanmu suna da misalin wannan: ranar 23 ga Yunin 1981 majalisar jihar Kaduna, wadda jam'iyyar NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige gwamna Balarabe Musa na PRP, bayan ta yi ta ƙin amincewa da sunayen kwamishinonin da yake aika mata. Har yau mutane da yawa suna kallon wannan tsigewa a matsayin ƙarfin yawa da aka sanya wa rigar doka.

Tambaya: Baba, ni ɗalibi ne a jami'a nan Maradi. Ina jin ana cewa shugaba kaza zai yi murabus kafin a tsige shi. Me zai sa mai mulki ya ajiye da hannunsa, kuma yaya za mu gane jita-jita daga gaskiya?

Amsa: Ɗana, labarin Richard Nixon ya isa ya amsa maka, shi ne kuma shugaban Amurka ɗaya tilo da ya taɓa yin murabus. A watan Yunin 1972 aka kama wasu mutane sun shiga ofishin jam'iyyar Dimokurat a ginin Watergate da ke Washinton cikin dare. Duk da haka a Nuwamban shekarar Nixon ya lashe jihohi 49 daga cikin 50. Aka yi shekara biyu ana bincike, ana kuma ta hasashen faɗuwarsa, amma yawancin ƴan jam'iyyarsa suna tsaye da shi. Abin da ya sauya lissafi shi ne kaset-kaset na hirarrakin ofishinsa, waɗanda shi da kansa ya sa ake naɗa. Ranar 24 ga Yulin 1974 Kotun Ƙoli, ba tare da ko alƙali ɗaya ya saɓa ba, ta umurce shi ya miƙa su. Ranar 5 ga Agusta aka bayyana wanda ke ɗauke da muryarsa yana amincewa a yi amfani da hukumar leƙen asiri don a dakatar da binciken, kwana shida kacal bayan kama mutanen. Nan take ƴan jam'iyyarsa goma da suka kare shi a kwamitin shari'a na Majalisar Wakilai suka ce sun janye. Ranar 7 ga wata manyan jam'iyyar uku, Barry Goldwater da Hugh Scott da John Rhodes, suka je suka same shi, suka shaida masa cewa dattawan da suka rage a bayansa ba su kai ashirin ba, alhali 34 yake bukata. Washegari da dare ya sanar da murabus, ranar 9 ga wata ya bar fadar, kuma bayan wata guda magajinsa Gerald Ford ya yi masa afuwa.

Ka lura da cewa kunya ita kaɗai ba ta cika sauke mai mulki ba. Yakan ajiye ne bayan nasa sun ƙirga masa ƙuri'u ya ga babu mafita. Haka aka yi wa Jacob Zuma a Afirka ta Kudu. A watan Agustan 2017 ya tsallake ƙuri'ar yanke ƙauna da 198 a kan 177, amma da shugabancin jam'iyyar ANC ya koma hannun Cyril Ramaphosa a Disamba, sai jam'iyyar ta umurce shi ya sauka, ya kuwa sauka ranar 14 ga Fabrairun 2018. Robert Mugabe na Zimbabuwe, bayan shekara 37 a kan mulki, ya aika da takardar murabus ranar 21 ga Nuwamban 2017 a daidai lokacin da majalisa ta fara zaman tsige shi, kwana biyu bayan jam'iyyarsa ta ZANU-PF ta cire shi daga shugabancinta, kodayake a can sojoji ne suka fara fitowa da motocin yaƙi, abin da ya rage wa lamarin tsarki. Murabus ɗin ma ba kullum yake ceton mutum ba: Fernando Collor na Burazil ya ajiye a Disambar 1992 ranar da aka buɗe shari'arsa, amma dattawa suka ci gaba, suka haramta masa riƙe muƙami na shekara takwas.

Saboda haka idan ka ji ana ta hasashe, kada yawan surutun ƴan adawa ko taron masu zanga-zanga ya ɗauke maka hankali. Ka nemi sanin kujeru nawa jam'iyyarsa ke da su, mutum nawa ake bukata su ɓalle, sannan ka saurari ko dattawan jam'iyyar sun fara magana da sunansu a bainar jama'a.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne mai harkar hatsi a Tasawa. Duk misalan da muke ji na ƙasashen waje ne. Mu nan Nijar fa, an taɓa sauke shugaba ta hanyar majalisa?

Amsa: Alhaji, ba a taɓa ba, kuma wannan na cikin abubuwan da ke damuna idan na waiwayi tarihinmu. Hanyar dai an shimfiɗa ta a takarda. Tsarin mulkin 25 ga Nuwamban 2010, wanda aka dakatar a watan Yulin 2023, ya tanadi cewa ana iya gurfanar da shugaban ƙasa gaban Babbar Kotun Shari'a kan laifin cin amanar ƙasa, idan kashi biyu cikin uku na depitoci suka amince da tuhumar. Abin da majalisarmu ta taɓa yi shi ne kayar da gwamnati, wanda ya fi sauƙi. Ranar 31 ga Mayun 2007 depitoci 62 daga cikin 113 suka yanke ƙauna ga gwamnatin faraminista Hama Amadu, kan batun kuɗin ma'aikatar ilimi mai tushe da suka salwanta, kuma wannan adadi bai samu ba sai da wasu daga ɓangaren masu rinjaye suka haɗa kai da ƴan adawa. Ka ga a nan ma daga cikin gida bangon ya tsage.

Amma idan rikici ya kai ga kujerar shugaban ƙasa, sai al'amari ya bi wata hanya. A 1995, da aka shiga zaman doya da manja tsakanin shugaba Mahaman Usman da faraminista Hama Amadu, aka yi wata da watanni kowa na jan igiya, har ranar 27 ga Janairun 1996 sojoji ƙarƙashin Ibrahim Bare Mainasara suka raba gardamar. Na 2009 ya fi tsaya mini a rai. Marigayi shugaba Tanja Mamadu, Allah ya jiƙansa, mutum ne da talakawan karkara suka so, kuma duk wanda ya zagaya ƙauyukanmu ya ga azuzuwa da ɗakunan shan magani da aka gina a zamaninsa. Wa'adinsa na biyu kuma na ƙarshe zai ƙare ne a watan Disamba na 2009, sai aka taso da kiran tazarce. Kotun Tsarin Mulki, ƙarƙashin Salifu Fatimata Bazai, ta ce hanyar ba ta halatta ba. Ranar 26 ga Mayu aka rushe majalisar dokoki, wadda ita ce ke da ikon tuhumarsa. A ƙarshen Yuni aka rushe kotun. Ranar 4 ga Agusta aka yi ƙuri'ar raba gardama da ta ƙara masa shekara uku. Jam'iyyar CDS-Rahama ta janye daga gwamnati, amma a cikin jam'iyyarsa ta MNSD-Nasara muryoyin masu cewa a ci gaba ne suka yi rinjaye.

Na sha tambayar kaina abin da zai faru da a ce tun farkon shekarar manyan na kusa da shi, waɗanda yake jin maganarsu, sun taru sun shiga wurinsa kamar yadda mutum ukun nan suka shiga wurin Nixon, sun ce masa: Baba, ka yi shekara goma, ka yi aiki, ka sauka da mutuncinka. A ganina wannan ce biyayyar da ya fi bukata a lokacin, ita ce kuma ya fi rasawa, domin da yawa daga masu yi masa kirari makomar kujerunsu suke dubawa.

Ranar Alhamis 18 ga Fabrairun 2010 ina cikin babbar kasuwar Maradi da azahar, a rumfar wani mai sayar da gero, sai wayoyi suka fara ƙara ta ko'ina, ana cewa ana harbe-harbe a fadar shugaban ƙasa a Yamai, inda majalisar ministoci ke zama. Mai rumfar ya ajiye tiyar da ke hannunsa a kan buhu, ya jawo ƙaramar rediyonsa yana murɗawa daga tasha zuwa tasha, mutane suka kewaye shi har aka toshe hanyar masu kura, babu mai ciniki. Yana da ɗa soja a Yamai, kuma duk kiran da ya yi wayar ba ta shiga. Da yamma gidan rediyon ƙasa ya koma kiɗan soja, da dare aka sanar da dakatar da tsarin mulki, daga baya muka ji sunan Salu Jibo, sojan da ya jagoranci juyin mulkin. Tanja ya zauna a tsare har watan Mayun 2011. Dattijon nan mai rumfa kuwa sai washegari da hantsi ya ji muryar ɗansa, kuma shi ya ba ni labarin da bakinsa ranar da na koma ɗaukar geron da na bari a rumfarsa.